Farantin da Na Kira Allo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Uwani,

Assalamu alaikum. Gaisuwar uba ga 'yar da ta ci sunan uwarsa, wadda shekara ashirin da huɗu ke nan bakina bai iya furta sunanta na yanka ba. Allah Ya sa takardar nan ta buɗu a hannunki kina cikin ƙoshin lafiya, mota ta kama hanya. Allah Ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mutum, Ya sauke ki Jahun lafiya, daga can Ya kai ki ƙauyen da aka tura ki aikin asibiti, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na san za ki ce, yau kuma Baba da takarda? Bango ɗaya ya raba ɗakina da naki. To bakina ne ya gaza. Sau uku na kira ki zaure a makon nan, ki zo ki durƙusa ki ce, "Ga ni, Baba," sai in ɓige da tambayarki ko kin sayi bokiti, ko an gyara hannun jaka. Shi ya sa yau bayan azahar na ɗauki bironki da ragowar littafin makarantarki na zauna. Bokona na yaƙi da jahilci ne, hannun kuma ya fi sabawa da cokalin gini, ki yi haƙuri da rubutun.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Duk abin da na sani a gidan nan kin sani, in ban da abu ɗaya. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifiyarki, Iya Falmata, Allah Ya jiƙanta, shekara uku kuma kina yawo da tunanin ke kika yi sanadinta. Ni na ɗora miki wannan kaya da bakina. Ina so in sauke shi kafin ki yi nisa da gida, ko ni in yi nisan da ba a dawowa. Amma sai na bi ta kan kurakuraina tun daga farko, don in na faɗi na ƙarshen shi kaɗai ba za ki yarda ba, za ki ce lallashi ne.

Da tukunya na fara.

Kin tashi kin ga Iya da ciwon sukari, kin ga allurar da take yi wa kanta safe da yamma. Ruwan allurar nan ba ya son zafi, mu kuwa a Haɗeja zafi ne abin da Allah Ya hore mana. Yadda take ajiye shi, ƙaramar tukunya ce a cikin babba, tsakaninsu yashin kogi, ta jiƙa shi sau biyu a wuni, ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma ta tura bayan randa. Ta ce haka tsofaffinsu na bakin tafkin Chadi suke ajiye nono. Shekara bakwai tana haka ba mu ga komai ba sai alheri.

Sai ƙaninta, kawunki Bukar, ya samu shekarar kifi mai kyau a wajen Baturiya, ya ce yayarsa ta gama wahalar jiƙa yashi. Bayan kaka ya zo mana da sola: babban faranti, batir, ɗan akwati mai nuna lamba, da ƙaramin firji. Ke a lokacin kina makarantar koyon aikin lafiya. Ranar da firjin ya fara ƙugi, ni na ɗauki tukunyar nan na zubar da yashin, na kai babbar bayan ɗaki kaji su riƙa shan ruwa. Iya ta ce, "Malam, ka bar mini ita mana, me ta tsare maka?" Na ce zamanin tukunya ya wuce, kar ta ba mu kunya gaban baƙi.

Uwani, duk sabon abin da ya shigo hannunki, kar ki sallami tsohon sai sabon ya ga sanyi, ya ga bazara, ya ga damina. In kin je can za ki tarar da tsohuwar ungozoma da dabarunta. Kar takardarki ta sa ki zubar mata da yashi tun ranar farko.

Na biyun kalma ce, kalma ɗaya tak.

Mai haɗa sola da Bukar ya zo da shi ya hau saman zaure, inda na yi daɓen siminti na kewaye shi da rawani, 'yar katangar bakin rufi, ya kwantar da farantin kusan rigingine. Bulo ɗaya kawai ya sa a ƙarƙashin kansa ta arewa, fuskar ta ɗan rusuna kudu. Ya ɗaure, ya sauko, ya sha ruwa, ya yi gaba. Da na hau na gani sai raina ya ɓaci. Na ce wannan aikin ragwaye ne, an zo an yar da abu an tafi. Kin san ni. Shekara talatin da wani abu ina gini, ba a kuma san ni da komai ba kamar fitar da gabas. Daga nan har ƙauyukan Kirikasamma, in za a kafa harsashin masallaci sai a ce a kira Haruna ya ja igiya. Ko kabari aka yi gardama a kansa ni ake tambaya. To ni za a zo har gidana a ajiye abu yana kallon kudu?

Kuma ni ban taɓa ce masa faranti ba. Allo nake ce masa, don da na gan shi da layukansa a jere, allon karatu ya tuna mini. Allo kuwa ba a yar da shi a ƙasa, jingina shi ake yi. Na ce rana daga gabas take fitowa, alƙibla gabas, to ta ina albarka za ta biyo in ba nan ba? Washegari na kwaɓa siminti na tayar da ginshiƙai biyu, na ɗaga farantin na jingina shi kusan a tsaye, fuskarsa gabas sak. Har ina cewa ga shi kashin tsuntsayen fadama ba zai zauna a kai ba. Wallahi aikin ya yi kyau, da igiyar awo na yi shi.

Iya ta hau tsani da ƙafarta mai ciwo, ta leƙa ta kan rawani, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Malam, wannan ai ba allo ba ne, faranti ne. Faranti kuwa sama yake kallo in ana so a zuba masa abu."

Na ce, "Falmata, rana ake zubawa ko tuwo?"

Ta ce, "Duk ɗaya. In ana ruwan sama ka fita da kwano ka karkata shi, me za ka tara? Shekara nawa ina shanya tattasai da kuɓewa a saman nan? Wanda na baza a kwance kwana uku ya bushe, wanda ya maƙale jikin rawani sai ya yi mako. Ranar safe gaisuwa kawai take yi. Mai aikin ita ce ta tsaka, ita kuma daga sama take dukan abu. Da ta karkata, allon naka ƙeya zai ba ta."

Na ce ta tsaya a tattasanta, gabas ba aikin mata ba ne. Ta yi wata magana da Barbarci, irin wadda take yi in na ƙure ta, ta sauka. Ba ta sake hawa ba, ƙafar ma ba ta sake barinta ba. Ke kuma da kika dawo rawani ya kare miki komai, ba ki taɓa sanin an kwantar da shi an tayar ba.

Abin da na yi a ranar, addinina da sana'ata da girman kaina na kwaɓa wuri ɗaya, har na kasa gane wanne ke magana. Allah bai ce faranti ya yi salla ba. Shi Ya tsara wa rana hanyarta, ni kuma na ƙi duba hanyar, ina ganin ladabi nake yi. Ki kiyayi ranar da za ki ji kina kare ra'ayinki da sunan Allah. Ki tsaya ki duba da kyau, wataƙila kanki kike karewa. Wanda kuma ya san abu da hannunsa, ko tattasai yake shanyawa, ki bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Sanyi ne ya rufa mini asiri. Wata uku firjin yana aiki, don ɗakin ma da sanyinsa, ɗan abin da farantin ya kama da safe ya isa. Ina shiga ina fita ina tsokanar Iya, "Ina mai kwano? Ga allo yana karatu." Sai ta yi murmushi.

Da bazara ta kama sai magana ta canza. Kin san bazararmu, fadama ta bushe ta tsage, kogi ya ja baya, iska kamar daga bakin murhu. Firjin ya koma ƙugi ba hutawa, yana neman wutar da babu. Da la'asar sai ɗan akwatin ya yi ƙara, firjin ya yi tsit, ba zai farfaɗo ba sai rana ta fito washegari. Lokacin da ɗaki ya fi ɗaukar zafi, lokacin ne kwalaben Iya suke zaune a rufe ba sanyi.

Na hau saman nan ya fi sau goma. Amma yaushe nake hawa? Da safe, kafin in tafi aiki. In tarar rana ta cika fuskarsa yana walƙiya, in sauko in ga lamba ta hau, in ce lafiyarsa ƙalau. Ko sau ɗaya ban hau bayan azahar ba, lokacin da yake tsaye a cikin inuwar kansa. Sai na zagi batir. Na zagi mai haɗawa na ce ya cuce mu. Har Bukar na yi da shi a bayan idonsa, na ce tarkace ya kwaso mana. Iya ta ce, "Malam, ka hau da la'asar ka gani." Na ce haba, rana ai ɗaya ce safe da yamma.

In abu yana lalacewa, ki je ki gan shi a lokacin da yake lalacewar, ba lokacin da ya yi miki daɗi ba. Mara lafiyar da ya ce miki da yamma jikinsa ke rikicewa, kar ki duba shi da safe ki ce raki ne.

A cikin wannan zafin kika zo hutu, kika tarar da ita ta rame, ƙishirwa ba iyaka, allura kuma ana yi ba ta kamawa. Kika kawo 'yar fankar nan shuɗiya kika jona, kika juya mata ita saitin fuska. Ke da kanki kuma kika same ni a zaure kika ce, "Baba, ko mu mayar da maganin tukunya? Firjin nan yana mutuwa." Na daka miki tsawa. Na ce firji a gida magani a tukunya, so kike Bukar ya ce mun raina kyautarsa? Na ce in an daina buɗe ƙofar sanyin zai zauna. Kika ce, "To, Baba," kika tashi.

Wannan "To, Baba" ɗin ni na koya miki ita tun kina ƙarama, ina alfahari da ita a gaban mutane. Yau ina roƙonki ki san inda za ki ajiye ta. In rai ne a tsakani, ki maimaita maganarki sau biyu, sau uku, ki ɗaga murya in ta kama, ko gaban wa kike. Ban ce laifinki ne da kika yi shiru ba, a'a, mai tsawar shi ne da laifi. Don gaba nake gaya miki.

Sauran kin sani, ba sai na fama mana ba. Ranar da ta kasa tashi, da neman mota, da kwana biyun asibiti. Likita ya ɗaga kwalbar da muka je da ita ya duba, ya tambayi inda muke ajiyewa, ya ce zafi ya riga ya kashe ƙarfin maganin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kwana ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko numfashi ɗaya. Amma ranar tambaya ba a kan kwananta za a tambaye ni ba, a kan ginshiƙan nan biyu ne.

Ranar sadakar uku Bukar ya tsare ni a tsakar gida, idonsa jawur, ya ce, "Malam, yaya aka yi firji ya mutu? Ni lafiyayye na kawo." Mata suna zaune, ke kina zuba wa baƙi ruwa. Na waiga ina neman inda zan jefa maganar, idona ya faɗa kanki. Na ce, "Yaya ba zai mutu ba, an jona masa fanka ba dare ba rana? Fankar Uwani ce ta shanye wutar maganin."

Kofin ya faɗi daga hannunki. Ba ki yi kuka a nan ba. Kika sunkuya kika ɗauka, kika shiga ɗaki, kika naɗe wayar fankar a jikinta kika tura ta ƙarƙashin gado. Daga ranar ban sake ganin kin zauna gaban fanka ba, ko a gidan mutane. Ban sake ganin kin sha ruwan sanyi ba. Bazara uku ina ganinki jiƙe sharkaf da gumi, ko mafici ba kya ɗauka.

A ranar da na faɗa, rabin zuciyata ta yarda da abin da na faɗa. Wannan ne kaɗai uzurina, bai kuma daɗe ba ya ƙare. Wata rana a wurin aiki abu zai ɓaci a hannunki, a tsare ki gaban jama'a, ki ga wani na ƙasa da ke a tsaye kusa. Ki tuna kofin nan. Ki ce ba ki sani ba tukuna za ki bincika, ko ki ce ke ce.

Yanzu na zo kan wanda ba ki sani ba. Na ajiye biron nan sau biyu kafin in iya ci gaba.

Bayan rasuwar mun kashe firjin, tunda ba abin sawa. Ana saura kwana shida sadakar arba'in aka yi hadarin farko, da iskar nan da ta kwashe wa mutane kwanon rufi a unguwa. Washegari ƙanwata, gwaggonki Asabe, ta ce a kunna firji a tara ruwan sanyi saboda baƙi. Aka kunna. Ni kuma bayan azahar na sa tsani in duba ko iska ta yi ɓarna. Na tarar ginshiƙi ɗaya ya karye, farantin ya zame ya kwanta rigingine a kan daɓe, ko tsagewa bai yi ba. Yana kallon sama, yadda ta ce. Na ce bari rana ta yi sanyi in tayar da shi. Da na sauko na wuce ta gaban ɗan akwatin, sai na ga lambar ta hau yadda ban taɓa gani ba a irin wannan lokaci.

Na koma sama. Na ɗaga shi na jingina yadda yake a da, na sauko, lamba ta zube. Na hau na kwantar, na sauko, ta tashi. Sau uku ina hawa ina sauka a cikin ranar nan. A na ukun na zauna a kan karyayyen ginshiƙin na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

La'asar ta yi firji bai mutu ba. Magariba ta yi yana ƙugi. Washegari da yamma kika zo kika tsaya a bakin zaure, kanki a ƙasa, kika ce, "Baba, gaskiyarka. Ga shi da babu fankar bai mutu ba. Ka yafe mini."

Uwani, ke kika nemi gafarata. Ni kuma na buɗe baki na ce, "Ya wuce, Allah Ya yafe mana."

Tir da wannan baki nawa! A lokacin na riga na sani. Har ƙara tabbatarwa na yi. Ranar da kika koma makaranta na jawo fankar daga ƙarƙashin gado na jona ta tare da firjin, kwana uku a jere, ko gezau bai yi ba. Da bazara ta zagayo na sake gwadawa a tsakiyar zafi, don kar in ce damina ce ta taimaka. Haka dai. Na naɗe ta na mayar yadda kika ajiye. Farantin kuwa bulo ɗaya na sa masa ta arewa, yadda mai haɗawa ya yi tun farko, na bar shi a kwance. Shekara uku firjin nan bai mutu ba ko sau ɗaya. Kullum yana yi miki shaidar zur, ni kuma ina shan ruwansa.

Me ya hana ni magana? Tsoron Bukar, da tsoron a ce Haruna mai fitar da gabas bai san inda rana take ba, da tsoron idonki. Kullum in ce gobe. Na ga kin ci jarrabawa ba murna. Na ga da aka ba ku zaɓi kin ɗauki ƙauyen da ya fi nisa da gidan nan. Duk ina gani ina cewa gobe. Shirun ya fi maganar muni a wurina, don maganar a cikin ɗimuwa na yi ta, shirun kuwa da hankalina na yi shi. Ba ni da bakin yi miki wa'azi a kan wannan. Abin da zan ce kawai, in kin gane kin yi kuskure ki faɗa a ranar, kar ki bari ya kwana.

An ce asibitin da za ki akwai firjin allurar rigakafin yara, shi ma da sola. To ga abin da na koya bayan ya daina amfanin Iya, ko zai amfani wasu. Makon farko ki nemi tsani ki hau da kanki, kar ki aika. Ki hau rana tsaka. Ki tafi da doguwar ƙusa, ki kifa kanta a kan gilashin ta tsaya a miƙe. In inuwarta ta taru kusa da gindinta, rana tana dukan farantin sosai. In inuwar ta miƙe ta yi tsawo, hasken gogarsa kawai yake yi yana wucewa. A ƙasarmu kwanciya yake so, da ɗan tashi kaɗan ta arewa, fuska kudu, yadda ruwan sama zai gangara ya wanke kashin tsuntsu. Shekara uku ina lura da ranar nan. Da sanyi takan bi ta kudu sosai, inuwar azahar ta faɗi arewa. Da bazara ta dawo tsakar ka, farkon damina har ta ɗan leƙa arewa. Wanda ke kwance duk yana samunta. Ki sake hawa da la'asar ki ga ko inuwar bishiyar maina ko ta tankin ruwa tana faɗa masa, don ko gefe ɗaya ta rufe, wutar takan ragu fiye da yadda ido zai zata. In kin ga ba daidai ba ki faɗa wa na gaba da ke, in ya yi shiru ki sake faɗa. Iyayen yaran nan sun yarda da ku ne suke miƙo hannun 'ya'yansu.

Jiya na je Baturiya na sami kawunki yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi a bakin ruwa. Na gaya masa duka. Ya ajiye komar ya ce, "Yarinyar ta sani?" Na ce zan rubuta miki. Ya ce, "A takarda? Har yanzu tsoro kake ji, Malam." Gaskiyarsa. Amma a gaban mutane na faɗi maganar, a gaban mutane zan janye ta. Ranar Juma'a zan tara gwaggonki da matan da suka ji, in faɗa musu da bakina.

In kin zo hutu, in kin ga damar zuwa, ki hau saman zaure. Ginshiƙan suna nan ban rushe su ba, ɗaya a tsaye ɗaya a karye. Ki gani da idonki, don kar ki ce tausayi ne ya sa tsoho ya ƙirƙiro labari.

Ban ce ki yafe mini yau ba. Haƙƙinki ne, ki riƙe shi har ranar da zuciyarki ta sauko, in ma ba ta sauko ba ban ga laifinki ba. Gafarar da kika nema a bakin zaure kuwa na dawo miki da ita, ba ki da abin da za a yafe miki. Iya ba ta ji wani daɗi a watanta na ƙarshe ba in ban da iskar nan da kika kawo mata. Da kunnena na ji ta tana cewa, "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan, yau na sha iska."

Ki ci abinci a kan lokaci. Ki riƙe sallarki, in kin rasa gabas a baƙon wuri ki tambayi mutanen garin, kar ki ce ke 'yar Haruna ce. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa hannunki ya zama sanadin lafiyar bayinSa, Ya raba ki da irin taurin kan ubanki. Allah Ya haskaka kabarin Falmata, Ya sanyaya makwancinta. Ki gaida mutanen da za su karɓe ki, ki ce uba yana ba su amana.

In kin sauka kin buɗe jaka, can ƙasa za ki ga abu a naɗe cikin zanen Iya mai ruwan goro. Fankar ce. Na goge ta na sa mata mai. Ki jona ta, Uwani, ki zauna a gabanta. Ba ta kashe kowa ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Haruna magini, Haɗeja